Tawali'u ya ƙare a garin nan

Ɗan Jahun: Salamu alaikum 'yan'uwa. Abin da ya faru jiya ya hana ni barci. Mun je ɗaurin aure bayan sallar Juma'a, ni da Baba. Muna fitowa sai ga wani da muka taso tare, tabarma ɗaya muka yi karatun allo, kwano ɗaya muka sha ci a zauren gidanmu. Yanzu ya samu muƙami. Baba ya gan shi ya yi murna, ya dogara sandarsa har bakin mota. Wallahi ko fitowa bai yi ba. Gilashi ya ɗan sauke, ya miƙo wa tsoho mai shekara 78 yatsu uku, ya cusa masa kuɗi, direba ya ja. Baba ya tsaya da kuɗin a hannu, har muka iso gida bai ce uffan ba. Yaron da a da sai ya tsuguna yake gaida shi! Ni dai na ce tawali'u ya ƙare a Bauchi, sai wurin wanda ba shi da ko sisi.

Abu Hafsa: Allah ya ba Baba haƙuri. Amma akhi a gyara wuri ɗaya, tsugunawa ba tawali'u ba ce. Tirmizi ya ruwaito daga Anas, an tambayi Annabi (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a. Da aka ce musafaha fa, ya ce e.

Baffan Yara: Ga su nan sun fara. An wulaƙanta dattijo a bainar jama'a, kai tsugunawa kaɗai ka gani?

Almajirin Shehu: Malam Abu Hafsa, to me za ka yi da aya ta 24 a Suratul Isra'i, inda Allah ya ce ka sassauta wa iyaye fiffiken ƙanƙan da kai saboda tausayi? Mu a tsugune muka iske iyayenmu suna gaida nasu iyayen, kuma sun fi mu tsoron Allah.

Abu Hafsa: Ayar fiffike ta ce, ba ta ce gwiwa ba. Sannan "haka muka iske iyayenmu" ba hujja ba ce, kai ma ka san su wa suka faɗi haka a Alƙur'ani.

Almajirin Shehu: Subhanallahi! Iyayen namu ka haɗa da mushirikan Makka? Ka janye.

Maman Khalifa: Tun da aka hana yara durƙusawa albarka ta tashi. Ɗan maƙwabciyata a tsaye ƙiƙam yake gaida uwarsa, hannu a aljihu, wai sunna. Ni nawa ko sun yi digiri goma sai sun kai ƙasa.

Abu Hafsa: Hajiya, wancan rashin tarbiyya ne, kar a ɗora wa sunna. Kuma tawadu'u ake cewa, da harafin dad, ba tawali'u ba.

Alaramma Bakin Kura: Yaro, kafin a haife ka muke cewa alwala, muke cewa alƙali da lalura, duk harafin nan ne. In ka isa ka daina cewa alwala mu gani.

Mai Shago a Wunti: Jama'a ku bar mutumin nan haka. Kun san mutum nawa ke tare shi a rana? In ya fito wa kowa yaushe zai isa ofis? Ai ya ba da kuɗi.

Baffan Yara: Ɗan jam'iyyarku ne shi ya sa. Lokacin kamfe har ƙasa suke zama a kan tabarma su sha fura da mu. Ku je Ƙofar Ran ku ga kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, malamin makaranta da ya zama firaministan Najeriya, aka kashe shi a 1966. Har gobe sauƙin kansa ake faɗa, ba motarsa ba.

Ɗan Jekadafari: Halin mutanen Bauchi ne dama. Mu a Gombe babban mutum zai sauko ya gaida dattijo.

Maman Khalifa: Ku da sai 1996 aka yanke ku daga jikinmu, yau ku za ku koya mana ladabi?

Malama Ummu: Don Allah ku dubi hadisin Muslim na Ibn Mas'ud. Annabi (SAW) ya ce mai girman kai daidai da ƙwayar zarra a zuciya ba zai shiga Aljanna ba. Wani ya ce mutum yana son tufafinsa da takalminsa su yi kyau. Ya ce Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Motar ba laifi ba ce, yatsu ukun nan ne. Kuma mu ma tun safe raina juna muke yi.

Alaramma Bakin Kura: Malama, shi ya fara. Har yanzu bai janye ba.

Abu Hafsa: Ban zagi kowa ba, hadisi na kawo.

Admin: To a tsaya haka, dare ya yi. Abin da aka cimma shi ne, mafi yawan 'yan'uwa sun yarda tsugunawa tarbiyyarmu ce kuma ba ta saɓa wa addini ba, aya ma ta tabbatar. Wanda ya kawo saɓani bai zo da gamsasshiyar hujja ba, kuma muna jiran ya ba iyayenmu haƙuri. Maganar Gombe an bar ta. Wanda ya sake ɗaga batun nan zan cire shi.

Abu Hafsa: Mafi yawa su nawa? Yaushe aka ƙirga?

Ɗan Jahun: Yanzu Baba ya kira ni ɗakinsa. Ya naɗe kuɗin a takarda yadda suke, ko ƙirgawa bai yi ba, ya ce in mayar wa yaron in ce ya gode, gaisuwa ya je yi. Waye a cikinku yake da hanyar da zan kai masa?