Don Allah a taimaka min, maganar ƙanina ɗan sanda ne mai ɗauke da HIV

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ɗan sanda ne nan Legas, yana ɗauke da HIV amma yana shan maganinsa kullum, wallahi in ka gan shi ba za ka ce komai na damunsa ba. Matsalar ita ce duk ranar da zai je asibiti karɓo magani sai ya nemi izini, yanzu ogansa ya kafe sai ya kawo takardar likita da ta faɗi ainihin ciwon, kuma zancen ya fara yawo a bariki har wanda suke cin abinci kwano ɗaya ya janye.

Na san akwai dokar 2014 da ta hana a nuna wa masu HIV wariya a wurin aiki, to ita rundunar 'yan sanda tana da nata tsarin a rubuce? Dole ne ya faɗa wa oga, ko likita kawai ya rubuta yana da ranar asibiti? In kuma ƙorafi ne, NACA (hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta ƙasa) za mu je ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam? Tsoronsa kar ya yi magana a yi masa tiransifa nesa da inda yake karɓar magani. Wanda ya san kan abin ya taimaka don Allah.