Tsinin nan biyu na bayan tsohuwar Cadillac, me za mu kira su?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Ina rubutu kan motocin Amurka na shekarun 1950, sai na cije a kalma ɗaya. Tsinin ƙarfen nan biyu da ke tashi a bayan mota, dama da hagu, wanda Turawa ke kira tailfin. Wanda bai gane ba ya nemi hoton Cadillac ta 1959: mota mai tsawon mita 5.7, kowane tsini ɗauke da jajayen fitilu biyu masu siffar harsashi. Da me za mu kira shi?

Wani ɗalibi: Wutsiya mana, ai daga jirgin sama aka kwaikwayo shi. Harley Earl, shugaban masu zanen motoci na General Motors, kamfanin da ke ƙera Cadillac, shi da yaransa suka ga jirgin yaƙin P-38 Lightning mai wutsiya biyu, abin ya zauna musu a rai. A Cadillac ta 1948 ya fara fitowa, ɗan tudu kawai inda fitilar baya take.

Tsohon bakanike: Ɗana, wutsiya ɗaya ce, kuma ƙasa take yi. Wannan biyu ne, sama suke kallo. Ka ce wa yaron gareji ya goge wutsiyar mota, salansa zai nufa. Ni fiffike na fi so.

Mai tambaya: Baba, na yi tunanin fiffike. Matsalar ita ce ya fi dacewa da abin da ake ɗora wa motocin tsere don iska ta danne su a ƙasa, wancan aiki yake yi na gaske. Wannan kuwa ado ne. Kamfanin Chrysler, zamanin Virgil Exner, shugaban masu zanen motocinsa, ya yi talla a 1957 cewa tsinin na hana iskar gefe karkatar da mota, amma abin da ya riƙa ƙara masa tsawo gasa ce. Kowace shekara sai an sauya fasali, don wanda ya sayi ta bara ya ji tasa ta tsufa.

Wata malamar Hausa: To me ya hana zanko? Ku duba tsofaffin gidajen ƙasa na Kano da Zariya da Damagaram. A kusurwar soro magini ke tayar da zanko, ya miƙe sama da tsini, tun daga nesa ka san mai gidan ba ƙaramin mutum ba ne. Na motar ma a kusurwa yake, a tsaye, kuma alfahari ne aikinsa. Jam'insa yana nan a shirye: zankwaye. "Mota mai zankwaye" ba ya nauyi a baki.

Wani ɗalibi: Malama, ki yi haƙuri, akwai inda ba zai shiga ba. Na Chevrolet ta 1959 a kwance suke, sun baje gefe da gefe. Zanko ba ya kwanciya.

Wata malamar Hausa: Gaskiyarka. Waccan sai a ba Baba fiffikensa, a ce mai shimfiɗaɗɗen fiffike. Amma ba a gina suna kan mota ɗaya da ta fita daban.

Tsohon bakanike: Na yarda, Malama. Mu ma ai mun taɓa shi da hannu. Fijo 404, wadda ta fito a 1960 aka kuma riƙa haɗa ta a Kaduna daga baya, tana da ƙananan zankwaye a baya, sai dai ba su da rawar kai irin na Amurka. A can ɗin ma abin bai daɗe ba, kafin tsakiyar shekarun 1960 duk an aske su.

Mai tambaya: Shi ke nan, zanko na ɗauka. Bari in gwada shi a jimla: "Duk wanda zai zuba wa Chevrolet Bel Air ta 1957 mai sai ya sha nema, domin murfin tankin a ɓoye yake cikin zankon hagu." Ya zauna?

Tsohon bakanike: Daram. Sai dai ka ƙara da cewa ɗan ƙarfen adon da ke jikin zankon ake buɗewa, in ba haka ba mai karatu zai zaci fitilar ake cirewa.