Zafin Zanzibar ya kai na Birnin Kebbi kuwa?

Ɗan Gwandu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da uwargida za mu Zanzibar a watan Fabrairu, otal ɗin bakin teku da ake biyan kuɗin ɗaki da ci da sha a dunƙule. Ana ta ce mini akwai zafi. Wanda ya sha ranar Afrilu a Birnin Kebbi, wane zafi zai razana shi?

Hajiyar Argungu: Wa alaikumus salam. Malam, ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, ka shanya riga da azahar, kafin la'asar ta bushe ƙayau. Can iskar teku laima gare ta. Na wanke hijabina a Nungwi, wani gari a bakin tekun Zanzibar, kwana biyu yana baranda da danshinsa. Gumi kuwa sai ya manne maka a jiki. Ka bar shadda mai sitaci a gida.

Baban Yauri: Kafin ka biya, tambaye su ko akwai tsarin da babu giya, don yawanci tana cikin lissafin. Masallaci ba ya wuyar samu, akasarin mutanen tsibirin Musulmi ne.

Ɗan Gwandu: To Hajiya, babbar rigar da na ɗinka don hoto fa?

Hajiyar Argungu: Sa ta da sassafe, a ɗauke ka, ka tuɓe.