Muhawara: Me ya zaunar da gwamna Bature a Kaduna har 1962?

Ɗan Fagge: Jama'a, abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. An ba mu 'yanci 1 ga Oktoba 1960, Yamma ta samu Ooni Adesoji Aderemi a matsayin gwamna, Gabas ta samu Dakta Akanu Ibiam, mu kuma Sir Gawain Bell na zaune a Kaduna har 1962. Mutumin da ya yi wa Ingila aiki a Sudan, aka kai shi Kuwait wakilinta, sannan aka turo mana shi a 1957. Ni a ganina roƙonsa aka yi ya zauna.

Malam Na Tudun Wada: Roƙo? Wa ya roƙi wa? Sardauna Ahmadu Bello, Gamji ɗan ƙwarai, shi ne zai roƙi Bature? Yaro, gyara bakinka.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta malam, ban ambaci sunan kowa ba.

Malam Na Tudun Wada: Wa ke Firimiya a lokacin? Ai ka faɗa ka gama. Mai roƙo shi ke durƙusawa. Mai mulki gayyata yake yi.

Jikar Sawaba: Gayyata ko roƙo, duk kanwar ja ce. 'Yan NEPU, jam'iyyar adawa ta Malam Aminu Kano, da aka riƙa ɗaurewa a kotunan alƙalai ba su ga bambanci ba.

Ɗan Shehuri: Hajiya, ina ruwan NEPU da zancen gwamna? Kuma duk kun tsallake wanda ya gaje shi, Shettima Kashim Ibrahim, Wazirin Borno. Gidan gwamnatin Kaduna sunansa yake ɗauke da shi har gobe. Da Bakano ne da kun ishe mu.

Ɗan Fagge: To ga 'yan Borno sun iso.

Jikar Sawaba: Malam Aminu ai ba gida ya nema a sa wa sunansa ba.

Malam Na Tudun Wada: Ni dai a kawo takardar da aka yi roƙon. In babu, a janye kalmar.

Ɗan Fagge: Kakana ne ya faɗa mini, kuma ya yi aikin En'e.

Ɗan Shehuri: En'en Kano ko ta Borno?

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: Arewa ta samu mulkin kai tun Maris 1959, don haka ragama na hannun Firimiya da ministocinsa, gwamna sa hannu ne aikinsa. Bell ya san Larabci, ya zauna da Musulmi a Sudan, zamansa hikima ce ta Sardauna, wanda bai taɓa gaggawa ba. Babu wanda ya kawo hujjar roƙo. Ɗan Fagge ya janye kalmarsa, Jikar Sawaba kuma ta daina sako mana siyasa a zancen tarihi.

Jikar Sawaba: Ranka ya daɗe, hoton wa ke kan lambarka?

Shugaban zaure: Na rufe zauren sai bayan sallar isha'i.