Me za mu kira "prototype" a tseren motoci? Ni dai na ce ƙirar fage

Jama'a, ku taya ni mu daidaita kalma ɗaya. Duk wanda ya zo rubuta labarin tseren awa 24 na Le Mans, a Faransa, sai ya ci karo da "prototype", wadda Italiyawa ke cewa prototipo. Ita ce harafin P da ke jikin sunayen motocin Ferrari: 250 P, 330 P4, 499P. Yawanci ana fassara ta da "motar gwaji" ko "samfuri". Duka biyun ban gamsu da su ba.

Motar gwaji ita ce wadda kamfani ke ƙerawa don ya ga ko za ta yi, kafin ya zuba dubbai a kasuwa. To 250 P da Ferrari ya fitar a 1963 ba a taɓa nufin kai ta kasuwa ba. An ɗauke injinta mai silinda 12 daga gaba aka mayar bayan direba, kuma a shekarar ta cinye Le Mans a hannun Lorenzo Bandini da Ludovico Scarfiotti. Ita ce mota ta farko mai inji a bayan direba da ta ci wannan tsere. Wannan ai gamammen aiki ne.

Labarin 250 LM ne ya fi nuna inda matsalar take. Enzo Ferrari, mai kamfanin, ya so a yi mata rajista a ajin GT, wato ajin motocin da ake sayarwa mutane su hau titi. FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, ta ce sharaɗi shi ne a ƙera guda 100, shi kuwa bai kai ko rabin haka ba, sai aka ƙi. Dole ta shiga a matsayin "prototype", a haka kuma ta ci Le Mans a 1965. Kun ga ke nan kalmar sunan aji ce a dokar tsere: motar da ba sai an ƙera ta da yawa don titi ba kafin a bar ta ta shiga.

Samfuri kuma abin da ɗan kasuwa ke nuna maka ne, ya ce akwai sauran a sito. Ina sauran 330 P4? 'Yan ƙalilan aka yi a Maranello, garin da masana'antar Ferrari take a Italiya, bayan Ford ta kunyata Ferrari a Le Mans ta 1966, ta kwashe na ɗaya da na biyu da na uku. Injiniya Mauro Forghieri da mutanensa suka sake aikin injin mai lita 4, mai ƙarfin doki kusan 450. A farkon 1967 suka bi Ford har gida, Daytona ta Amurka, motocin Ferrari uku suka ƙetare layin ƙarshe a jere. Raina yana ɓaci in na ga an kira irin wannan mota samfuri.

Wani ɗan'uwa ya kawo "zubin farko". Kalmar tana da daɗi, kuma ta dace da ma'anar da injiniyoyi ke nufi a masana'anta, ina ganin a bar musu ita can. A tsere ba ta zauna ba, don ba a jiran zubi na biyu.

Shawarata: ƙirar fage. Mun riga mun saba da "mota ƙirar kaza", fage kuwa kowa ya san shi daga dambe da kokawa da sukuwa. Abokiyar zamanta sai ta zo da kanta: GT ƙirar titi ce da aka gyara don tsere.

Na san abin da za a ce: ai motar Fomula 1 ma don fage aka yi ta. Gaskiya ne. Amma ita tana da sunanta da kowa ke kira, tayoyinta a waje suke, kujerarta ɗaya. Tamu tayoyinta a rufe, tana da fitilu don tana kwana tana gudu, direbobi suna karɓeɓeniya. Inda ake tsoron ruɗani sai a ƙara "mai rufaffun tayoyi".

Ga yadda take zama a jimla: Ferrari ya janye daga tseren motoci ƙirar fage a ƙarshen 1973 ya mai da hankali kan Fomula 1, sai bayan shekara 50 ya dawo da 499P, mai inji silinda 6 da taimakon lantarki a tayoyin gaba, ta ci Le Mans a 2023 da 2024 da 2025.

Malamai masu fassara a rediyo, da 'yan'uwa na Nijar da ke jin labarin tseren nan da Faransanci, ku gwada ta a baki ku faɗa mana ko tana tafiya. Abin da ya rage mini shi ne sunan da za mu ba sharaɗin nan na guda 100 da ya hana 250 LM shiga GT: "tantancewa" ta ishe shi, ko sai mun ce "rajistar aji"?