Fim marar magana a gidan kallo: jama'a za su zauna kuwa?

Mai Gidan Kallo:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin Juma'a mai zuwa. Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a unguwarmu, benci goma sha biyu, in an matsu yana cin mutum sittin. Kun san halin da muke shiga in an tafi hutun Firimiya: Yuni da Yuli wurin a rufe yake kwana, haya kuwa ba ta san hutu ba. Ƙanena ya turo min wani tsohon fim na Charlie Chaplin, City Lights, na 1931. Baƙi da fari ne, babu magana, sai kiɗa da ɗan rubutun Turanci da ke fitowa jefi-jefi. Labarin wani talaka ne futuk da ya kamu da son makauniya mai sayar da furanni, ita kuma ta ɗauka attajiri ne. Na kalla a waya, na yi dariya har cikina ya ƙulle, da aka zo ƙarshe kuma sai da na share ido. Ina so in haska shi bayan isha'i. Wanda ya taɓa nuna wa taro irin wannan fim, sun zauna har ƙarshe? Talabijin ɗina inci 43 ce, za ta isa ko in yi hayar majigi? Sannan in sa wani ya riƙa fassara rubutun da baki, ko in bar shi yadda yake?

Ɗan Kurna:
Ka sa musu Indiya fassara kawai, ka huta.

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ni na kalla da yarana a gida lokacin hutun makaranta. Autata mai shekara shida ita ta fi kowa dariya, musamman wurin damben nan da yake ɓuya a bayan alƙalin wasa, duk inda ya taka shi ma ya taka. Amma ɗan'uwa ka sani akwai shan giya a ciki ba kaɗan ba. Akwai wani attajiri a ciki, sai ya bugu yake gane Cali, wato Chaplin, a matsayin aboki, gari na wayewa ya sa a kore shi. Akwai kuma inda attajirin ya ɗaura igiya da dutse zai faɗa ruwa ya kashe kansa, da wani mutum-mutumi na mace ba sutura a tagar shago. Ni dai na riƙa wuce wasu wuraren.

Baba Ɗan Silima:
Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da Cali. Mu a wurinmu ba baƙo ba ne. Tun muna yara ake zuwa da majigi a mota, a kafa farin ƙyalle a fili, wani ya riƙe lasifika yana bayani da Hausa. Da muka tasa muka koma gidajen silima na Palace da El Dorado da Plaza a Kano. Mu dai mun taso muna jin duk mai barkwanci a fim ana ce masa cali-cali, kuma manyanmu sun ce daga sunan mutumin nan aka samo. Majigi za ka nema. Cali a ƙaramin allo kamar tuwo ne ba miya.

Injiniya Sola:
Hayar majigi dubu goma sha biyar ne dare ɗaya, ni na karɓa watan jiya a walimar ƙanwata.

Ɗan Kurna:
An yanke ka, Injiniya. Dubu biyar ake bayarwa a wajenmu.

Injiniya Sola:
Dubu biyar ɗin nan na yara ne, wanda in kyanwa ta gifta da ido mai haske hoton ya ɓace. Nawa har da allo da sifika.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni dubu talatin aka ce min da na tambaya don taron ƙungiyarmu, kuma sai na ajiye katin shaida. Ban san inda kuke samun waɗannan farashin ba.

Tela Mai Haƙuri:
Ni ba zan ce ka nuna ko kada ka nuna ba. Amma fim ɗin nan sau ɗaya na kalle shi, kuma ba zan ƙara ba, domin rayuwata na gani a ciki. Ku da kuke cewa ƙarshensa daɗi, ku sake dubawa. Mutumin nan ya yi sharar titi saboda ita. Ya shiga dambe aka kwantar da shi saboda kuɗin hayar gidansu. Ya kawo mata kuɗin aikin ido, shi kuma ya wuce gidan yari a kan satar da bai yi ba. Da ya fito, ga ta da shagon furanninta, ta warke, shi kuma riga a yage yara masu sayar da jarida suna tsokanarsa. Me ta fara yi da ta gan shi? Dariya. Ta miƙo masa fure da kwabo kamar almajiri.

Ni shekara uku ina biya wa wata yarinya kuɗin makarantar koyon aikin jinya daga kan keken ɗinki. Azumi in kwana a shago, kuɗin ɗinkin sallah gaba ɗaya ya tafi rajista da littattafai. Mahaifinta ya kwanta asibiti, ni na sayar da keken zigizag ɗina ɗaya. A gidan nan har "ɗanmu" ake ce min. Wata biyu da ta karɓi sakamako, kawunta ya kira ni zaure ya ce in yi haƙuri, yarinya ta yi ilimi yanzu, an samu wanda ya dace da ita. Ban nemi a biya ni ba, ba su kuma yi tayi ba. Abin da ya fi ci min rai, kayan fitar bikin ma wani telan aka kai wa, don kada a haɗa ido da ni. Yau shekara biyar ke nan. In na ga fuskar yarinyar nan ta fim lokacin da ta riƙe hannunsa ta gane shi ne, ba murna nake gani ba. Ina ganin mace ce da take lissafin yadda za ta yi da wannan talakan da ya ɓullo mata.

Maman Hanifa:
Innalillahi. Allah ya saka maka, Malam Tela, ya musanya maka da mafi alheri.

Hajiya Mai Atamfa:
Ƙanena, abin da aka yi maka zalunci ne, ba mai musu. Amma kada ka ɗora wa duk mata. Kuma iyaye ne suka yi maka, wa ya sani ko ita ta yi kuka?

Tela Mai Haƙuri:
Hajiya, na gan ta a mota bayan bikin. Ba ta yi kama da mai kuka ba.

Ɗan Kurna:
Shi ya sa na ce a sa Indiya. A can ko an raba su, za su haɗu a tashar jirgin ƙasa.

Ummu Sadik:
Malam Tela, ka yi haƙuri, ni ba haka na ga wurin ba. Mahaifiyata ta yi shekara huɗu da yanar ido kafin a yi mata aiki. Jikokinta goma sha ɗaya, da hannu take gane kowa, ta shafa tafin yaro ta kira sunansa. Bayan an buɗe mata ido, wallahi sai da ta riƙa rufe ido tana taɓa ƙananan kafin ta tabbatar wane ne wane, domin waɗanda aka haifa tana cikin lalurar ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Da na ga yarinyar nan ta taɓa hannunsa jikinta ya mutu, mahaifiyata na tuna. Kunya ce ta kama ta da tausayi, ta yi wa mutumin da ya ba ta ido dariya ba ta sani ba. Kuma ai ba ta saki hannun ba, ta ja shi ta ɗora a ƙirjinta.

Ɗalibin Wasan Kwaikwayo:
Da izinin manya. Wannan saɓanin naku shi Chaplin ya so, shi ya sa ya yanke fim ɗin a kan fuskarsa bai nuna abin da ya biyo baya ba. Ku tuna fim mai magana ya riga ya shigo tun 1927, amma ya ƙi, ya tsaya a kan nasa salon, ya zuba kuɗinsa, shi ya tsara kiɗan ma. Da aka fara nuna shi a Los Anjalas a Janairun 1931 har Albert Einstein ya halarta. Ita yarinyar sunanta Virginia Cherrill, kuma ba ta da wata gogewa a fim kafin wannan. Wurin haɗuwarsu ta farko, inda ta ji an rufe ƙofar mota ta zaci shi ne mai motar, sau 342 aka ɗauka kafin ya gamsu. Ba su ma jitu ba. Ya taɓa korar ta ya gwada Georgia Hale, wadda suka yi The Gold Rush tare a 1925, daga baya ya ga ba zai iya sake ɗaukar komai daga farko ba ya dawo da ita, har da ƙarin albashi. Shawarata kada a sa mai fassara, zai kashe fim ɗin.

Baba Ɗan Silima:
Kai yaro a littafi ka karanta, mu a fili muka kalla, da ƙura da sauro. Mai bayani shi ne gishirin majigi. In babu shi rabin mutane hira za su koma yi.

Ɗalibin Wasan Kwaikwayo:
Baba, ban musa ba, ko a Japan zamanin fim marar magana akwai masu tsayawa gefen allo suna bayani, har sun yi suna kamar taurarin. Amma wannan fim ɗin rubutunsa kaɗan ne, jiki ne ke magana.

Injiniya Sola:
To wa za a bi, mai digiri ko mai furfura?

Hajiya Mai Atamfa:
A bi wanda ya taɓa tara mutane ya karɓi kuɗinsu. Duk cikinku ba wanda ya yi. Kallo a ɗaki da yaranka daban, wanda ya biya naira ɗari biyu yana jiran a burge shi daban.

Malamin Kurame:
Ni na tara, ko da yake ba kuɗi na karɓa ba. Ina koyarwa a makarantar yara masu lalurar ji, kuma mun nuna musu shi a ɗakin cin abinci, yara sun fi tamanin. Ban taɓa ganin sun kalli fim ba tare da sun juyo suna tambayata me aka ce ba sai ranar. Wurin da ya haɗiye usur yana shaƙuwa ne kaɗai sai da na yi musu bayani da hannu, saboda dariyar wurin a sauti take. Sauran kuwa sun riga mu malamai ganewa. Mai Gidan Kallo, in akwai kurame a unguwarku ka aika a gaya musu, za su zo, kuma za su kawo 'yan'uwansu.

Ɗan Fagge:
Ni fa a wajena Buster Keaton ya fi Cali. Cali yana neman ka tausaya masa, shi kuwa Keaton fuskarsa ko motsi ba ta yi. Ka nemi Seven Chances na 1925, bai kai awa ɗaya ba. An ce zai gaji dala miliyan bakwai in ya yi aure kafin ƙarfe bakwai na yammacin ranar, abokinsa ya sa talla a jarida, mata ɗaruruwa suka cika coci da lulluɓin amare suka biyo shi a guje, ga duwatsu na gangarowa daga tudu. Wannan samarin ƙwallo za su fi so, ba kuka a ciki.

Ɗan Kurna:
A ba Malam Tela wannan ya kalla, ko zuciyarsa ta yi sanyi ya ga inda mata ke bin namiji.

Tela Mai Haƙuri:
Don miliyan bakwai suke bin sa. Ka ga maganata ta fito.

Maman Hanifa:
Ni Allah ya jiƙan Ibro, shi nake tunawa in na ga tafiyar Cali. Da yana raye da shi ya dace ya yi bayanin.

Mai Gidan Kallo:
Na gode ƙwarai, Malamin Kurame, akwai su kusan biyar da ke zuwa kallon ƙwallo, ban taɓa kawo wannan a raina ba. To ga wata sabuwa. Wanda ƙanena ya turo ƙarami ne, da na sa a talabijin hoton ya farfashe. Na je wajen masu turi na biya ɗari biyar aka sa min a filashi, na dawo gida na tarar minti hamsin da ɗaya ne, alhali fim ɗin ya kusa awa ɗaya da rabi. An yanke shi tun kafin damben, an kuma ɗora wani kiɗan disko a kai. Na koma, yaron ya ce shi haka ya samu, kuɗi kuma ba a mayarwa.

Injiniya Sola:
Ɗari biyar fim ɗaya? Mu ɗari ne.

Hajiya Mai Atamfa:
Kai ka samu rabi ma. Ni memori suka sayar min wai gig 32, na sa hotunan bikin 'yata gaba ɗaya, bayan sati biyu ko ɗaya bai buɗe ba. Mai gyara ya ce jabu ne, cikinsa bai kai gig 4 ba. Hotunan kamu da na ɗaurin aure duk sun tafi, mai hoton kuma ya riga ya goge nasa.

Ɗan Fagge:
Ni wayata suka cika da wasu manhajoji da ban sa su ba, talla ta riƙa faɗowa ko ina cikin kira. Kuma ka lura in ka ba su waya sai sun shiga hotunanka.

Ummu Sadik:
Wannan shi ya sa na hana 'yan matana kai waya shagon turi, sai dai yayansu ya je da filashi. Wata maƙwabciyarmu haka aka kwashe hotunan 'yarta, sai a wayar wasu samari aka gani, maganar har gaban mai unguwa.

Baba Ɗan Silima:
Me mai unguwar ya yi?

Ummu Sadik:
Ya kira uban yaron, aka ba da haƙuri. Shagon yana nan a buɗe, jiya ma na wuce ta gabansa.

Mai Gidan Kallo:
Allah ya kyauta. Don Allah wanda yake da cikakken, mai damben da ƙarshen, ya yi min magana kafin Laraba. Kuma har yanzu ba a ce min komai ba kan inci 43 ɗin.