Ƙanena ya shanya wani ganye a magaza, ya ce rama ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri na sakaya sunana. Ina zaune Yamai, hayin Harobanda. Ƙanena da ya zo karatu daga Tawa yana hannuna shekara biyu ke nan. Da damina ya yi 'yar shuka bayan makewayi, na tambaye shi, ya ce rama ce, ban sake bi ta kai ba. Shekaranjiya na shiga magaza ɗibar gero, sai wani wari mai nauyi ya buge ni har cikin kai. Ina ɗaga ido na ga igiya daga ƙusa zuwa ƙusa, an rataye rassa kai ƙasa, taga an toshe ta da kwali. Ga almakashina na ɗinki da nake ta cigiya kan buhu, bakinsa sai danƙo. Maigidana direba ne, yana hanyar Agadas, sai jibi. Ban yi wa yaron magana ba tukuna. Wiwi ce? Yaya zan yi?

Wani mai garka: Yaya, ganyen rama kam yana kama da ita, shi ma yatsu-yatsu ne, shi ya sa ya fake da sunan. Amma rama tana yin fure babba, fari-fari mai ruwan ɗorawa, tsakiyarsa ja, ganyenta da tsami, karanta da ƙaiƙayi, kuma ba ta da wannan warin. Wa kika taɓa gani ya ɓoye rama a duhu? A tabarma muke baza ta kowa na gani. Danƙon almakashin nan ya gama magana.

Wata uwa: Innalillahi. Ki tara ki cinna mata wuta yau ɗin nan!

Wani ma'aikacin lafiya: A'a Hajiya, kada ta ƙone ta tsakar gida. Hayaƙin zai shiga yara, warin kuma ya sanar da unguwa gaba ɗaya. Ni abin da ya fi damuna shi ne yaron. Ki lura da barcinsa, jan ido, mantuwa, yawan fushi, ko ya fara kauce wa lakkol. Ki bincika ko yana haɗawa da taramol, don a wasu fadodin samari tare suke tafiya. In kin ga ya fara surutu shi kaɗai ko zargin mutane, kada a tsaya ga rubutu da hayaƙi kawai, a kai shi sashen masu taɓin hankali na babbar likitar Yamai.

Wani da ya karanci shari'a: Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ta hana noman wiwi, ajiyarta, sayar da ita da shanta. Babu zancen "ai kaɗan ce, ta gida ce". In 'yan OCRTIS, 'yan sandan yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suka shigo, ba za su fara da tambayar wa ya shuka ba, masu gidan za su fara riƙewa. Kuma wanda ya zauna ya gyara ta da almakashi, ki tambaye shi da kyau: ta shansa ce, ko akwai masu jira? Nan ne kaso yake kusa.

Wani dattijo: Ɗiyata, kada ki ɓoye wa mijinki, gidansa ne. In ya ji a bakin maƙwabta, ke za ki kwana ciki. Kada kuma ki kori yaron titi, can ne ake ƙarasa lalacewa. Kina da kawu ko baffa da yake jin nauyinsa? Ki kira shi, a zaunar da yaron cikin ɗaki, ba gaban yara ba. Da hannunsa zai kwance igiyar.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na kira kawunmu a Tawa, ya ce kada in faɗa wa Inna tukuna saboda hawan jininta, zai hau motar asuba. Na sa wa magaza kwaɗo, makullin yana ɗaure bakin zanena. Yaron ya dawo ɗazu, ya ga kwaɗon, bai ce komi ba, bai kuma taɓa tuwonsa ba.